Karan Awo da Na Kai Fotlami

Tun da na dawo daga Fotlami, can gabas a ƙasar da Faransawa ke mulki, duk wanda ya biyo ta rumfar Yaya Garba ya same ni ina taka keken nan sai ya tsaya ya ce, "Adamu, wai yaya can ɗin take?" Wasu don su ji labari suke tambaya, wasu don su yi dariya, don sun riga sun tsinci rabinsa a bakin 'yan tasha. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure ina haki, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan abin da na samu a elementare, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara. Ba zan wanke kaina ba, don in an zo rabon laifi a tafiyar nan kasona ya fi na kowa.

Mutanen Fataskum sun san Yaya Garba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya gaji babanmu a sassaƙa tun muna Ngojin: turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata. Ni na bi sayen fatu, sana'ar da ke koya wa mutum zato, don mai kawo fata yakan jiƙa ta ko ya bar mata ƙasa a ciki don ta yi nauyi. Da wannan idon nake kallon kowa, har liman.

Wata damina reshe ya ɓallo wa Yaya a kafaɗar dama yana saran itace a dajin Danchuwa. Mai ɗori ya yi nasa, asibitin Kano ma ya yi nasa, amma hannun bai koma ɗaga gizago ba. A zaman jinyar nan ne ya ga wani kafinta yana aiki da keken sassaƙa. Inji ne da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Ana maƙale itace tsakanin ƙusoshi biyu masu tsini, yana juyawa, mai aiki ya ɗora kurfi a kai yana fere shi, sai ga ƙafar gado ko ta tebur ta fito sumul. Ba sara, ba ɗaga hannu sama. Yaya bai taɓa aiki da shi ba, amma ya zauna ya kalla har ya gane yadda yake. Kafintan ya ƙi sayarwa, sabo kuwa na kanti ba namu ba ne. Alhazan da ke dawowa ta ƙasa suka ce a Fotlami akwai layi guda na masu ƙafar gado, kuma ana samun tsofaffin kekuna a hannunsu.

Yaya ya ce mini, "In wannan bai yiwu ba, zan sayar da kayan aikin Baba in koma Fika wurin surukina, in riƙa jiran masa rumbu." Wanda ya san Yaya ya san wannan mutuwa ce a tsaye. Jijjigar mota ba ta barin kafaɗarsa, don haka ni na tafi.

Ranar tashi ya rako ni tasha. Ya ba ni guntun ƙirya, ya ce da itacenmu mai tauri zan gwada, kada in yarda da mai laushi da za su ba ni. Ya ce in matso da ƙusoshin nan biyu in ga ko bakinsu ya haɗu, in girgiza sandar da ke juyawa in ji ko tana wasa, in duba tsagewa. Sannan ya miƙo mini karan dawa guda, yankakke.

"Wannan daidai gwiwar hannuna ne daga ƙasa. Tsayin ƙusoshin kada ya wuce shi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na naɗe karan a cikin tabarmata, na ɗaure.

Lorin Kano mai zuwa Yarwa, babban birnin Barebari, na hau, a kan buhuna. A Damaturu wani Babarbare ya hawo, dogo, da butarsa da ɗan ƙunshi. Duk faɗin motar nan bai ga wurin zama ba sai kusa da ni. Ya ce sunansa Ba Modu. Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Na karɓa, na yi kamar na kai baki, na zura a aljihu, don na sha jin labarin goron da ake ci a mota a farka ba riga.

"Afuno, ina za ka?" Haka Barebari ke kiran Bahaushe, ko wanda duk ya zo musu da Hausa a baki.

Na ce, "Gaba."

Ya ce, "Madalla. Ni ma gaba za ni. Ka ga mun zama 'yan gari ɗaya."

Na tambaye shi sana'arsa, ya ce yakan kai abin da babu inda babu, ya haɗa mai nema da mai sayarwa. A raina na ce dillali ke nan, ko abin da ya fi dillali. Na jawo tabarmata na ɗora a cinya.

A Yarwa ban san kowa ba, dole na bi shi gidan wani fatoma, wato mai saukar baƙi. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Mu a nan mukan gaisa da murya a sake, a yi a gama. Su kuwa sai su sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa, suna tafa hannu a hankali, ba mai kallon wani, har ka ce addu'a suke. Ni da ba na jin Barbarci sosai sai na ɗauka cinikina ake yi. Aka kawo burabisko da man shanu, gidan duk ƙanshin turaren wuta. Na jira sai da Ba Modu ya kai loma uku kafin na sa hannu, kuma daga gefensa na riƙa ɗiba. Ya lura. Ya juyo mini da akushin ya ce, "Ci nan ɗin, na gwada maka shi." Na ji kunya, amma ban fasa ba.

Daga Yarwa zuwa Dikwa da gaba, hanya ta bi ta baƙar ƙasar nan da suke kira firgi, wadda ke tsagewa da rani har ƙafar jaki ta shige. A wani wuri da sauran laima motarmu ta kafe, aka ce kowa ya sauko a tura. Kowa ya bar kayansa a sama, ni na sauko da tabarmata a hammata, ina turi da hannu ɗaya. Direba ya zage ni. Wata Bashuwa da ke wucewa a kan takarkari ta tsaya tana dariya.

Ba Modu ya ce, "Wai amarya ka naɗe a ciki ne? In zinariya ce ka faɗa mini in taya ka tsoro."

Fasinjoji suka sa ni gaba, har na ga in ban buɗe ba za su ɗauka da gaske dukiya ce, in jawo wa kaina abin da nake gudu. Na kwance. Da suka ga kara ne, wani tsoho ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana." Na yi musu bayanin awo ne na keken sassaƙa. Ban faɗi ciwon Yaya ba, ban kuma ce ɗan koyo ba ne. Na ce wana gwani ne, nasa keken ne ya tsufa. A tunanina, in dillali ya san kana cikin matsi kuma ba ka san kaya ba, ka gama yawo.

Ba Modu ya karɓi karan, ya jingina da jikinsa, ya ce, "Na san mutumin da za ka gani. Usta Hamad. Kekuna biyu gare shi a ajiye."

Na ce a raina, ga shi nan, an fara.

A Gamboru iyaka take, ɗan kogi ne tsakani. Namu na wannan gefe suka duba mu sama-sama. A ƙetare aka jera mu a rana, wani sandarma, wato ɗan sandan Faransawa, mai jar hula yana bin kaya ɗaya-ɗaya. Ba Hausa, ba Turancin da kunnena ya saba da shi. Ya warware tabarmata, ya ɗauki karan, ya girgiza a kunne, ya leƙa bakinsa. Ashe masu fasa-ƙwauri kan rarake kara su cusa abu a ciki. Sai na ga ya kama shi hannu biyu ya ɗora a gwiwa zai karya. Na yi tsalle na riƙe masa hannu. Wannan babban laifi ne a can. Ya daka mini tsawa, wani ya taso da bulala.

Ba Modu ya shiga tsakani yana Larabcin Shuwa da sauri, yana dariya, yana nuna kaina da yatsa, na san cewa yake ba ni da hankali. Ya karɓi karan, shi da sandarman suka zaga bayan rumfar kwastan. Aka bar ni a tsugune. Ban san me suka yi a can ba, kuma wannan rashin sanin shi ya zame mini ciwo daga baya. Da suka fito ya miƙo mini karan ya ce, "Naɗe amaryarka. Allura ya soka mata, bai sami komai ba."

Na yi godiya da baki.

Da muka hau motar Faransi sai na ga direba ya kama hannun dama ya miƙe. Na dafa na kusa da ni na ce mutumin nan ya sha wani abu. Aka ce a'a, haka suke tuƙi a nan, mu ne a wurinsu muke tafiya a karkace. Har muka kai Kusuri duk motar da ta tunkaro sai na runtse ido. Daga Kusuri kwalekwale ya ƙetare da mu babban kogi, ga Fotlami a gaba.

A unguwar Hausawa muka sauka, gidan wani fatoma Bakano da ya taso aikin hajji tun yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a nan, har ya yi jikoki bai ƙarasa ba bai koma ba. Irinsa suna da yawa a garin. Ƙa'idar gidansa baƙo ya ba da kayansa a kulle a ɗaki guda. Na so in ƙi, ya ce, "Malam, a gidan nan an ajiye hauren giwa, ba a taɓa cewa ya ɓata ba." Na ba da tabarmar, amma na ga Ba Modu yana shiga ɗakin yana fita kamar na uwarsa.

Abincinsu kisira, wata waina ce sirirya kamar takarda, da miyar busasshen kifi mai yauƙi. Burodinsu dogo kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata ba ko takarda, ɓawon ya yanke maka dasashi. Shayi kuwa ja wur, a ɗan kofin gilashi, dare da rana. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da rana ta take sai gari ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, Nasara da baƙar fata kowa ya kwanta, sai la'asar a sake buɗewa. A Fataskum wanda ya kwanta a wannan lokaci sai a zo duba shi.

Da safe Ba Modu ya kai ni layin masu ƙafar gado. Yawancinsu a zaune suke a ƙasa. Mutum ya naɗa tsirkiyar baka a jikin itace, yana ja da hannu ɗaya kamar mai goge, ɗaya hannun na riƙe da ƙotar kurfi, bakin kurfin kuwa da yatsun ƙafa yake saita shi. Ƙafar mutum tana aikin da hannuna ba zai iya ba. Na tsaya ina kallo har na manta da zato na ɗan lokaci.

Usta Hamad tsoho ne, asalinsa daga Sudan, yana jin Hausa tsinci-tsinci. Bai yi maganar ciniki ba sai da muka sha shayi. Sannan ya kai mu bayan rumfa ya yaye buhuna. Keke na farko jikinsa katako ne, gajere, ya yi baƙi don shan hannu, wilinsa ƙarami, an ɗinke bel ɗin da jijiya a wuri biyu. Na biyu ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, dogo, da katon wili da rubutun Nasara a gefe. Ya ce a gwanjon ma'aikatar Faransawa ya saye shi.

Na yi duk abin da Yaya ya ce. Na matso da ƙusoshi, a duka biyun baki ya haɗu da baki. Na girgiza sanda, ta katakon tana ɗan motsi kaɗan, ta ƙarfen ko gezau. Usta ya ce motsin nan na 'yar tagullar da sandar ke kwance a ciki ne, kowane maƙeri zai zuba sabuwa. Na fito da ƙiryata. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce, "Mai aiko ka ya san itace." Ya ɗaura ta a na katakon, ya taka, ta feru a hankali, da ya ɗage ƙafa keken ya tsaya. Ya mai da ita kan na ƙarfen, ya taka kaɗan, wilin ya ɗauka da kansa yana gurnani, ɓawon itace na tashi kamar ruwa, ya ɗage ƙafa amma abin bai san an daina ba.

Ya ce, "Wannan doki ne, wancan jaki. Mai aikin ya daɗe yana yi?"

Na ce, "Gwani ne."

"Lafiyayye?"

Na ce, "Garau."

Ƙarya biyu ke nan a jere, a gaban dattijo, da shayinsa a cikina. Allah ya yafe mini.

Ya ce, "To, in gwani ne ya hau doki. Amma da ɗan koyo ne, da ban ba shi ba. In kurfi ya cije a kan wannan, fizge shi zai yi daga hannu, don ba ya tsayawa. Kuma na katako in ya yi gajarta a sa masa ƙafa, in ya yi tsawo a rage. Ƙarfe yadda aka zuba shi haka zai mutu."

Ba Modu ya ce, "Ina amaryar? Kawo ta ta zaɓa."

Na kwance tabarma, na tsayar da karan a jikin na ƙarfen. Ƙusoshin sun wuce shi da taƙi guda har da ɗori. Na kai shi jikin na katakon. Bakin karan ya tsaya daidai tsinin ƙusa, cif, kamar tare aka yanke su.

Ba Modu ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan. Ɗauki jakinka mu tafi."

Wani da ya ga haka sai ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa zato ne ya taso mini. Mai sayen fata ya san in awo ya yi daidai fiye da kima, akwai hannu a kan sikeli. Na tuna bayan rumfar kwastan. Na tuna ɗakin fatoma. Na tuna tun a hanyar Dikwa mutumin nan ya auna karan da jikinsa, kuma ya san kekunan nan biyu. Sai dabara ta zo mini. Ni da Yaya tsayinmu ɗaya, riga ɗaya muke sawa tun muna samari, a sahun salla kafaɗarmu a jere take. Na tsayar da karan a gefena. Bai kai gwiwar hannuna ba, da saura kusan taƙi. Na duba bakinsa, sai na ga kamar gefe ɗaya ya fi ɗaya haske.

Na ce, "Ba Modu, ina guntun da ka yanke?"

Ya ce, "Na me?"

"Na karan nan. Ka rage shi don ya yi daidai da ruɓaɓɓen da abokinka ya rasa mai saye. Nawa ya yi maka alkawari?"

Masu aiki na kusa suka dakata da ja. Usta bai gane duka ba, amma ya gane isasshe, ya mai da buhu ya rufe na katakon. Ba Modu ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba sai ran nan.

Ya ce, "Afuno, na hana a karya maka kara, na hana a karya maka baya. Goron da na ba ka a Damaturu yana nan a aljihunka, ina ganin shatinsa. Sayi wanda ka ga dama."

Ya sa takalmansa ya fita. Na sayi na ƙarfen, ina jin kaina kamar wanda ya tsallake rijiya.

Dawowa ba abokin hira, ba mai yi mini tafinta. Aka kwance keken gunduwa-gunduwa, wilin kaɗai sai da ƙarti suka taru a kansa. Mai kwalekwale ya ƙi ɗauka sai da aka jira jirgin da ke ƙetarewa da motoci. A iyaka sandarman nan ya gane ni, ya sa na sauke komai na buɗe, ya bar ni a rana har ya gama barcinsa na tsakar rana. A Yarwa wani direba ya ce in dai da wannan ƙarfen ne sai dai in zauna a kansa, haka na yi har Fataskum, kuma har yau in na daɗe a zaune ina tunawa da shi.

Unguwa ta taru ranar da aka haɗa keken a rumfar Yaya. Maƙeri ya ɗaure kusoshin jikinsa, aka zuba mai, na taka, wili ya ɗauka, mutane suna ta sa albarka. Yaya ya matso kusa da keken. Ya zagaya shi, ya tsaya a gabansa. Ƙusoshin suna wajen ƙirjinsa ta gefen dama.

Da mutane suka watse ya ce, "Ina karan?"

Na ba shi, na fara zuba: ai an yanke shi a hanya, wani Babarbare ne, amma na gano shi, na auna da jikina.

Yaya ya tuɓe babbar rigarsa. Tun da ya ji ciwon ban taɓa ganinsa ba riga ba, kuma ƙane ba ya ƙura wa wansa ido. Kafaɗar dama ta zube ƙasa, ta ɗoru a karkace, duk gefen ya rusuna. Ya tsayar da karan a ƙasa. Bakinsa ya taɓa gwiwar hannunsa, cif.

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa shi. Ga inda wuƙata ta zame, ga shi nan. Na ce maka gwiwar hannuna, Adamu. Ban ce taka ba."

Duk da haka ya gwada. Ya ɗaura itace, ya taka, ya ɗaga kurfi da ƙyar zuwa inda ƙusoshin suke. Hannun na rawa, ƙafa na neman mataki, kurfin ya cije, keken ya fizge shi ya jefar har bakin zaure. Ya dafe kafaɗa ya zauna. Can ya ce in rufe abin da tabarma, in ya huce zai aika wa surukinsa a Fika.

A nan na faɗa masa komai, da keken katakon, da abin da Usta ya ce, da ƙaryar da na yi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Matarsa, Yaya Hajjo, tana bayan zana tana jinmu. Ta ce, "Ni dai ban san inji ba. Amma in turmi ya fi mace tsawo ba a sare shi, dutse take samu ta taka."

Yaya ya ce, "In na hau dutse, wa zai kai ƙafata ga mataki?"

Ta ce, "Wanda ya sayo doki ai shi ke yi masa ciyawa."

Washegari na kwaɓa ƙasa da kaina, na gina dakali a gaban keken, na auna da karan nan har tsayin ya yi daidai, na bar gurbi a gefe inda mataki yake. Da ya bushe Yaya ya hau, ni na tsaya a ƙasa ina takawa. In ya ce "sassauta" in sassauta, in ya ce "tsaya" in kama bel da tsumma. Mun ɓata itace da yawa, Yaya Hajjo ta yi ta samun na girki. Kafin kaka ta ƙare ƙafar gado ta farko ta fito, ta biyu ba ta yi kama da ita ba, amma ta huɗu da ta biyar sai ka rantse tagwaye ne. Maganar Fika ba a sake ta ba. Yanzu kullum daga safe zuwa hantsi ina nan ina takawa, sai rana ta ɗaga in tafi wurin fatuna. 'Yan kasuwa suna kirana jakin Garba, kuma ina amsawa.

Ran wata kasuwa ina cikin takawa sai na ji an ce daga baya, "Afuno, ashe kai ne injin."

Ba Modu ne, da butarsa, motarsu ta tsaya shan ruwa ya tambayo rumfar. Ya gaida Yaya irin gaisuwarsu, ya dubi kafaɗar, ya dubi dakalin, ya dube ni. Na saki mataki na durƙusa na roƙe shi gafara a gaban Yaya da masu wucewa. Ya ce ya yafe tun a Kusuri, don riƙo nauyi ne kuma shi ba ya son kaya da yawa a hanya. Yaya ya sa aka kawo masa fura.

Amma hali zanen dutse. Da zai tafi na raka shi, sai na ji bakina ya ce, "Ba Modu, tsakaninka da Allah, Usta bai ba ka la'ada ba?"

Ya ce, "Ya ba ni mana. Ni dillali ne, da me kake so in ci? Ta na ƙarfen ma ta fi tsoka nesa ba kusa ba. Da ka bi shawarata da ni na yi asara."

Ya zaro karan daga jinkar rumfa inda Yaya ya soke shi, ya jingina da jikinsa kamar yadda ya yi a hanyar Dikwa, ya mayar. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya tsaya yana kallona. Na jefa a baki na tauna a gabansa.

Daga kan dakali Yaya ya ce, "Adamu, itacen nan ba zai juya kansa ba."

Na koma na taka.